Birnin Damagaram: Abin da Yaran Jiya Suka Gani

Matafiyin da ya taso daga Yamai ya miƙi babbar hanyar gabas, sai ya ci kusan kilomita 900, ya wuce Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Tasawa, kafin ya hango manyan duwatsun nan da ke zaune bisa juna kamar da hannu aka ɗora su. In ya gan su, to ya iso Zinder, garin da Hausawa suka fi kira Damagaram. Tsohon garin kashi biyu ne: Zango daga arewa, masaukin ayari da fatake, sai Birni daga kudu, mazaunin sarki da fadawa da malamai. A tsakaninsu ne Nasara suka kafa barikinsu, daga baya sabon gari ya tsiro, ya yi ta yaɗo har ya haɗe su duka.

Unguwar Birni ce abin magana a wannan shafi. Mutanen da aka haifa cikinta a shekarun 1950 da 1960, zamanin Sarki Umaru Sanda, yau sun zama kakanni. Waɗansu sun yi aikin gwamnati sun huta, waɗansu sun tsufa a bakin sana'ar gado, da yawa kuma sun koma ga Mahaliccinsu. In waɗanda suka rage suka zauna hirar ƙuruciya, akwai abin da mai sauraro zai lura da shi nan da nan: sun san tarihin garinsu tun ba su iya karanta baƙi ko ɗaya ba. Unguwar ce ta karantar da su, da garunta, da zaurukanta, da ƙofar fadarta. Waɗannan abubuwa kuwa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ya kamata a tsaya a duba abin da suka koyar tun da sauran masu ba da shaida.

Asalin unguwa

Gidan sarautar Damagaram ya samo asali daga wani malami da ya fito daga ƙasar Barno a farkon rabin ƙarni na 18. Zuriyarsa ta zazzauna a ƙauyuka dabam-dabam, har Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ya kawo gadon sarauta Zinder a farkon ƙarni na 19. Saboda wannan asali ne ake jin sarautu irin na Barno a fada, kamar Ciroma da Kaigama da Galadima, kuma shekara da shekaru sarakunan Damagaram suna aika gaisuwa wa Shehun Barno a Kukawa.

Wanda ya mai da Birni birni shi ne Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya riƙe ƙasar daga tsakiyar ƙarni na 19 har rasuwarsa a 1884. Shi ya kewaye garin da babban garu mai ƙofofi, ya tara maƙera suna zuba masa igwa, ana haɗa albarushi a cikin gari, ya kafa rundunar ƴan bindiga da ta sa maƙwabta shakkarsa. A zamaninsa ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus, ya biyo ta Gat da ƙasar Abzin, ya sauke kaya a Zango, sa'an nan ya koma da fatu da gashin jimina da bayi. Wannan na ƙarshe ba abin alfahari ba ne, amma tarihi ba ya cika sai da shi: ƙarfin Damagaram na wancan lokaci ya dogara ga yaƙi, kuma gumin bayi na cikin ƙasar da aka gina garun da ita.

Tun kafin garun ya tashi, baƙi daga Turai sun fara leƙo garin. Wani Baturen Ingila, James Richardson, ya sauka a 1851. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdul Karim, ya iso a ƙarshen 1852, ya tashi a farkon 1853, kuma a cikin Birni akan nuna wa baƙi gidan da aka ce a nan ya sauka.

Garu da tabki

Yaran shekarun 1950 ba su tarar da garun Tanimun da ƙarfinsa ba. Abin da suka samu guntaye ne, nan ya tsaya ya fi tsawon mutum, can ya narke ya zama tudu, awaki na hawa. Amma a wurinsu ya isa. A kansa suke tsere, a bayansa suke ɓuya, daga bisansa suke hangen ƙurar shanu in sun dawo kiwo da marece. Kowane yaro ya san inda ƙofofin da suke, ko da babu ƙyaure babu gini, domin in uwa za ta aike shi da sunan ƙofar take yi masa kwatance. Ta haka taswirar tsohon gari ta zauna a kansa ba tare da wani ya zana masa ita ba.

A bakin garu ne kuma ake yin yaƙin yara. Ƴan Birni na ganin su ne ƴaƴan sarauta, ƴan Zango na ganin su ne ƴaƴan arziki, in kuwa ayarin waɗannan ya yi kiciɓis da na waɗancan, sai jifa da hoge da tsere. Da maraice iyaye su bi kowa da bulala, gobe kuma a sake. Waɗanda suka yi wannan faɗa su ne daga baya suka zauna benci ɗaya a lakwal, suka auri ƙannen juna.

Inda aka haƙi ƙasar gini, nan ramu ya zauna, damina ta cika shi ya zama tabki. Saboda haka garu da tabki uwa ɗaya uba ɗaya suke. A waɗannan tabkuna yara suka koyi iyo, mata suka yi wanki, magina suka kwaɓa ƙasa. Daɗin bai zo shi kaɗai ba. Da yawa daga yaran lokacin sun yi fitsarin jini na tsargiya, kuma a ƙasar Damagaram kurkunu ya kwantar da manoma ba adadi a daidai lokacin noma. Sai a 2013 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijar shaidar rabuwa da kurkunu. Dattijon da ke yabon zamanin da, in an tuna masa da wannan, yakan yi shiru ya gyaɗa kai.

Zaure, makarantar farko

Gidan Birni na asali ginin tubali ne, irin mulmulallen nan da ake jerawa da danƙaƙƙiyar ƙasa. Rufinsa azara ce ta giginya, a bisa kusurwoyinsa akwai zanko, ruwan soro kuma ta indararo yake sauka. Masu hali sukan sa magina su yi wa fuskar gida zane, a fitar da dagi da sauran siffofi, a shafe da makuba don ruwa ya zame. Mai wucewa na duban ƙofar gida ya san matsayin mai shi.

Amma zuciyar gidan ita ce zaure. A nan mai gida ke karɓar baƙi, a nan baduku ke ɗinka jaka da sirdi, a nan malami ke jera almajirai, a nan ake ɗaura aure, a nan ake zaman makoki. Yaro namiji da ya kai shekara bakwai ya fara barin ɗakin uwarsa, zaure ne wurinsa. Ba a sa shi cikin magana. Aikinsa ya kawo buta, ya ɗauke akushi, ya tuɓe takalmi ya durƙusa in zai gai da manya. Sai dai kunnensa a buɗe yake. A nan yake jin wane gida ne ya fito daga Barno, wane ne kakansa ya zo da ayari, wane ne ya riƙe wa Tanimun linzami, wace gona ce aka yi shari'a a kanta har gaban alƙali. Maganar da aka maimaita sau ɗari a gabansa, ko bai so ba sai ta zauna.

Ƴan mata kuwa makarantarsu na cikin gida, wajen turmi da murhu. Daga bakin kaka suke ɗaukar salsalar dangi, wadda sau da yawa ta fi ta maza daidai, domin mata ne ke riƙe da lissafin aure da haihuwa da goyo. A nan suke koyon dakan fura da tuƙin tuwon hatsi, da kuma alkaki, wanda ya yi wa matan Damagaram suna a ƙasar nan duka. Da hantsi a ɗora wa yarinya faifai ko ƙwarya ta fita talla, ta bi lungu-lungu, har ta san kowane gida da sunan matan da ke cikinsa.

Allo da lakwal

Babu yaron Birni da bai riƙe allo ba. Da asuba ake fita, a dawo da hantsi, a koma da la'asar, da dare kuma manyan almajirai su kewaye wutar kara suna tilawa. Tawada ta gida ce, alƙalami na gamba, ran Laraba kowa ya kawo wa malam ɗan abin sadaka. Wanda ya sauke, a yi masa walima, unguwa duka ta shaida. Daga cikin waɗannan makarantu aka samu masu rubuta Hausa da ajami, tun kafin boko ya shigo.

Lakwal ta zo da tsoro. A farkon zamanin Nasara, in aka ce kowace unguwa ta ba da yara, iyaye sukan ɓoye nasu a rumbu ko su tura su ƙauye, waɗansu manya kuma su miƙa ƴaƴan barorinsu a maimakon nasu. Ba a daɗe ba sai ga waɗanda aka miƙa sun zama tafinta da akawu da mushe, abin ya zama darasi ga kowa. Zuwa shekarun 1950 tsoron ya ragu, amma wata wahalar na nan. Yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa a farfajiyar lakwal, sai a rataya masa abin da ake kira sambol, shi kuma ya yi ta fakon wani da zai yi kuskure ya miƙa masa, domin wanda abin ya kwana a wuyansa shi ke shan hukunci. Tarihin da mushe ke koyarwa a aji kuwa bai cika ambaton Tanimun ba.

Bayan samun mulkin kai a 1960 abubuwa suka fara juyawa. A 1963 aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci, manya suka shiga koyon karatu da harshensu. A 1973 kuma, a nan Zinder ɗin ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Harshen da aka hukunta uba dominsa, da shi aka karantar da ɗa.

Ran Alhamis da farin wata

In aka tambayi tsofaffin yaran Birni ranar da suka fi so, amsarsu ɗaya ce: Alhamis. Ran nan babu allo, a wancan zamani lakwal ma tana hutu, ga shi kuma ita ce ranar babbar kasuwar gari. Tun da safe jakuna da raƙuma ke kwararowa daga ƙauyuka. Yara sukan bi su har kasuwar Dole, wadda tsofaffi ke cewa ta samu sunanta ne domin dole aka yi wa ƴan kasuwa su koma can. Wanda ya samu dala ɗaya a aljihu ran nan sarki ne: ga goruba, ga magarya, ga aduwa, ga ƙuli-ƙuli, ga rake da kayan lambu daga Mirriya. Wanda bai da ko tamma sai ya yi dako, ko ya riƙe wa baƙauye akalar raƙumi, ya samu na alewa.

Da dare, in farin wata ya fito, dandali ya cika. Ƴan mata na gaɗa da tafi, samari na langa da kokawa, ƙanana na gefe suna kwaikwayo. In dare ya yi nisa a koma gindin kaka a sha tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi har barci ya kwashe mutum. Da azumi ya kwana goma sai tashe, a bi gida-gida ana wasa ana ba da hatsi ko ƴan kuɗi. Lokacin ɗari kuwa na wanzami ne, a tara yaran da suka isa a yi musu kaciya tare, su yi jinya a zaure ɗaya, kuma waɗanda suka kwanta tare a wannan zaure sukan zama aminai har tsufa.

A wancan lokaci ɗa na kowa ne. Yaron da ya yi rashin kunya a lungun da ba nasu ba, dattijon da ya gan shi zai hore shi nan take, in labari ya kai gida kuma a ƙara masa. Ba kowa ke tuna wannan da daɗi ba, amma duka sun yarda ba a taɓa barin yaro ya kwana da yunwa a unguwa ba don uwarsa ta yi tafiya.

Ƙofar fada

Abin da ya bambanta ƙuruciyar Birni da ta sauran unguwanni shi ne fada. Yaro na tashi da ƙarar tambari da kakaki da algaita a kunnensa, ya san bambancin busar da ke cewa sarki ya fito da wadda ke cewa baƙo ya iso. Ya san dogarai da rigunansu na ja da kore, ya san a wane gefe kowane basarake ke zama. Ya ji makaɗan fada, irin su Ma'azu Ɗan Alalo, suna jero sunayen sarakuna da kirarinsu, har ya hardace jerin ba da niyya ba.

Da salla kuwa sai abin ya kai maƙura. Ga hawan sarki da dawakai cikin ado, ga hawan ƙaho, inda mahauta ke fito da bijimi mai faɗa a ɗaure da igiya, jarumi ya tunkare shi ya kama ƙahonsa a gaban jama'a, makaɗa na zuga shi. Yara na kan katanga da kan duwatsu suna kallo, gobe su samu ɗan bunsuru su gwada a lungu.

Sai kuma wasan kara, wanda Damagaram ta shahara da shi. In an yi girbi, kara ya wadata, yara sukan sassaƙa doki da bindiga da mota da tabarau, duka na kara. Samari kuma su raba wa junansu muƙamai: wannan sarki, wannan kwamanda, wannan alƙali, bayan mulkin kai kuma aka samu shugaban ƙasa da ministocinsa. Kowa ya kwaikwayi tafiya da maganar wanda yake wakilta, a yi ta dariya, masu muƙaman na gaske ma su zo kallo. Wasa ne, amma a cikinsa yaro ke gane yadda aka tsara mulki, da wanda ke gaba da wanda ke baya, talaka kuma ya samu ranar da zai nuna wa babba yadda ake ganinsa.

Labarin da ake yi da ƙaramar murya

Akwai wani kashin tarihi da yaran lokacin suka ji ana faɗinsa ƙasa-ƙasa, domin a shekarun 1950 Nasara na nan, waɗanda suka ga zuwansu da ido ma ba su ƙare ba. Sarki Amadu Kuran Daga ya hau gado a 1893, shekarar da Rabe ya ci Barno, ya kuma gwabza da Kano. A ran 5 ga Mayu 1898 aka kashe wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, a Zinder. Shekara na zagayowa sojan Faransa suka iso, aka haɗu a Tirmini a ƙarshen watan Yuli 1899, dawakan Damagaram suka kasa tsayawa gaban bindigogin zamani. Sarki Amadu ya fita daga gari, aka bi shi aka kashe shi a watan Satumba na shekarar. Nasara suka gina barikinsu a kan duwatsu, inda suke hangen Birni daga bisa, suka sa masa sunan hafsan nasu.

A 1906 aka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da waɗansu manyan gari, cikinsu har da attajirin Zango Malam Yaro, da shirya tawaye. Aka tuɓe sarki aka kai shi ƙasar Kodibuwa, aka danƙa riƙon gari ga Bellama, wani bawan fada. Sai a 1923 sarauta ta koma gidanta, aka naɗa Barma Mustafa, wanda ya riƙe ta har 1950. A tsakanin nan jama'a sun sha aikin dole da lanho, kuma ba a soke aikin dole ba sai a 1946.

Wani ɗan garin, André Salifou, wanda aka haifa a 1942, shi ya tattara irin waɗannan labarai daga bakin tsofaffi da takardun Nasara, ya fitar da littafi kan tarihin Damagaram na ƙarni na 19 a 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun. Ya rasu a 2022, jami'ar Zinder na ɗauke da sunansa. Abin lura shi ne, da bai tarar da tsofaffin da rai ba, da rabin littafin bai samu ba.

Ƙishirwa

Daga 1911 Zinder ce hedkwatar ƙasar Nijar ta mulkin Nasara, har 1926 da aka mai da ita Yamai. Cikin dalilan da aka bayar akwai ƙarancin ruwa. Duwatsun nan da ke ƙawata garin su ne kuma ke shimfiɗe a ƙarƙashinsa, ba sa riƙe ruwa, rijiya ba ta daɗewa take ƙafewa. Don haka babu wanda ya yi ƙuruciya a Birni bai san tulu da gammo ba. Da bazara yarinya kan tashi tun kafin kiran salla ta bi layi a bakin rijiya ko famfo, ƴan garuwa na kai da kawowa da sanda a kafaɗa, ruwan da aka wanke hatsi da shi a ba dabba, wanda aka yi wanka da shi a yayyafa wa tsakar gida.

An jawo ruwa daga Gogo da Macaya, daga baya daga Arunguza, a shekarun 2000 kuma aka ƙara da na Ganaram da taimakon ƙasar Sin. Kowane aiki ya kawo sauƙi na ɗan lokaci, sai yawan jama'a ya sake cim masa. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun koro mutanen karkara da yawa zuwa gari, da dama ba su koma ba. Tulu ya ba bido wuri, amma jikokin masu tulu sun san layin ruwa kamar yadda kakanninsu suka san shi.

Halin da Birni ke ciki

Ginin ƙasa kamar dabba yake, yana son kiwo. A da, kowace shekara kafin ruwa ya sauka, mai gida na kiran magina a yi yaɓe, a gyara indararo, a toshe tsaga, maƙwabta su taimaka, mata su dafa abinci. Yau gidan da mutum ɗaya ya gina ya zama gadon mutum ashirin, rabinsu na Yamai ko Kano ko wata ƙasa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Wanda ya samu kuɗi yakan rushe zaure ya yi kanti, ko ya shafe bangon ƙasa da siminti. Siminti kuwa ba ya kama ƙasa: danshi na taruwa a bayansa, wata rana ya ɓamɓaro ya taho da rabin bango. Giginyar azara ta yi wuya, maginan da suka iya zane suna tsufa, ƴaƴansu kuma sun koma bulo da kwano. Leda ta toshe magudanai, an yi gini a hanyoyin ruwa, in aka yi ruwa mai ƙarfi sai ya kwanta a gindin katangu.

A 2006 Nijar ta sa unguwar Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya. A shekarar kuma Zinder ta karɓi bikin 18 ga Disamba, ta sake karɓarsa a 2018, aka yi gyare-gyare a gari. Duk da haka, a farkon watan Satumba 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe. Dattawan da suka yi sallarsu ta farko a cikinsa suna riƙe da hannun iyayensu sun tsaya suna duban tarin ƙasa. Abin da ya samu masallaci, wanda idon kowa ke kansa, ba zai ƙyale ƙaramin zauren da ke cikin lungu ba.

Aikin da ke gaban jama'a

Ba wanda zai ce a mai da mutanen Birni zamanin kurkunu da fitilar aci-bal-bal don baƙi su zo kallo. Mazauna unguwar na da hakkin samun ruwa da lantarki da magudanai kamar kowa. Amma gyara dabam, rushewa dabam. Ma'aikatar magajin gari da fada da ma'aikatar al'adu na iya ƙidaya gidajen da suka fi daraja, a taimaka wa masu su da yaɓen shekara, a hana toshe hanyoyin ruwa, a kuma haɗa tsofaffin magina da samari masu son koyo, ana biyansu, tun hannun bai ɓace ba. Malaman lakwal na iya fitowa da yara daga aji rana ɗaya, su bi da su inda garu ya bi, a nuna musu ƙofofi da sunayensu.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran kuɗin gwamnati, wanda ya rataya a wuyan duk wanda ya yi yaƙi da jahilci ya iya riƙe alƙalami. Kaye ɗaya da bik ɗaya sun isa. A zauna gaban kaka, a tambaye ta wa ya gina gidan nan, daga ina ya zo, me ake kiran wannan lungu, wane wasa ake yi a wancan dandali, yaya aka ci shekarar yunwa. A rubuta da Hausa yadda ta faɗa, a sa rana da shekara, a adana. Mai wayar hannu ya ɗauki muryarta. Abin da ya dace da Birnin Damagaram ya dace da tsofaffin unguwannin Maraɗi da Tawa da Tasawa da Ƙonni, domin kowace na da nata tsofaffi, kuma kowace damina na tafiya da waɗansu.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Yaran jiya na Birni sun karɓi tarihinsu a zaure kyauta, sun riƙe shi fiye da shekara sittin. Yanzu ya rage ga ƴaƴansu masu karatu su karɓa daga hannunsu tun suna iya miƙawa. Allah ya ja kwanan dattawa, ya ba na baya kunnen saurare.